Tsohuwa na binciken kisa cikin hidimar Babbar Sallah, labarina ya cije a babi na huɗu, a taimaka

Maman_Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kar a min dariya. Wata uku kenan ina fama da wani littafi, wlh na gaji da rubuta soyayya, kullum Yaya da ƙanwa kullum auren dole, shi ne nace bari in gwada na bincike ko zan iya. Tsarin shi ne babban gidan gado, Babbar Sallah ta zo kowa ya dawo gida, na Abuja, na Legas, har da wadda ke aure a Kaduna ta taho da yara biyar, gida ya cika maƙil ba masaka tsinke, sai aka tarar da uwargidan, Hajiya Babba, a banɗaki ba rai. Kowa yace kwana ne ya ƙare dama tana da hawan jini. Mutum ɗaya ce bata yarda ba, wata tsohuwa 'yar shekara saba'in da ɗoriya, ita ce jarumar tawa.

To anan na maƙale. Na farko na mayar da ita tsohuwar hedimistires mai tabarau da ɗan littafin rubutu a jaka tana bin mutane da tambaya, dana sake karantawa sai naji kamar Baturiya na ɗaurawa zani, sam bata yi kama da tsofaffinmu ba. Na biyu kun san mu, wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, to me zata bincika bayan an rufe? Kuma wa zai tsaya sauraronta ana fama da raguna da baƙi? 'Yan sanda kuma ban san ta inda zan shigo dasu ba, ko in bar su gaba ɗaya? Masu bibiyata a WhatsApp har sun fara min gori wai na gudu. Wanda ya san kan abun ya agaza.

Anti_Rabi_Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Cire tabarau ɗin nan ki jefar da littafin rubutun, tsohuwarki mai wankan gawa ce, shikenan kin warware rabin matsalarki. Kakata ita ke wa matan unguwarmu wanka sama da shekara talatin, ita ce kuma ungozoma, yawancin waɗanda suka girma a layin ta hannunta suka faɗo. Irin wannan matar babu ɗakin da ake hana ta shiga, babu wanda yake mata kallon mai bincike, Iya ce kawai, a bata tabarma a kawo mata goro ana hira a gabanta kamar bata nan, ana ganin ai kunnenta ya yi nauyi. Ɗan sanda kuwa iyakarsa zaure, in ya matsa ya shiga cikin gida duk matan zasu ja mayafi su yi gum.

Kuma ita kaɗai ce take ganin gawar tsaf, ita da mataimakiya ɗaya ko biyu, tunda mace ke wanke mace. Ina tuna kakata in an aiko kiranta, zata ɗau ƙullin ganyen magarya da kafur a gefen zani, bata magana a hanya, in ta dawo kuma ta yi wanka ta zauna shiru bata cin abinci sai dare. Sau ɗaya na taɓa tambayarta Iya me kike gani ne a can, ta kalle ni tace abin da hannu ya taɓa a can, can ake barinsa. Kinga wannan shi ne zuciyar littafinki in kin lura. Mai wanka amana aka bata, malamai na cewa ta rufa asirin mamaci, to ga tsohuwa ta juya gawar aminiyarta ta ga abin da bai kamata ba, tayi shiru an zalunci mamaciya, tayi magana an ce ta tona asirin gawa kuma babu wanda zai ƙara kiranta wanka a garin. Ki bar ta ta kwana biyu tana juyi akan wannan kafin ta buɗe baki, kar ki sa ta fito daga ɗakin wanka tana ihu an kashe ta an kashe ta.

Sannan ki matsar da mutuwar ta koma daren jajibere. Dalilina ƙunshi. Daren nan ne mata ke zama a ɗaura musu lalle a ƙafa a naɗe da leda ko tsumma su kwana dashi, kuma duk macen da ta taɓa kwana da ƙunshi ta san in fitsari ya matse ki sai dai ki ja gindi ko ki taka da dunduniya kina dafa bango, ledar ta huje lallen ya dame. To an ce Hajiya Babba ta tashi cikin dare ta tsallaka tsakar gida ta shiga banɗaki ta faɗi, amma da Iya ta zo kwance ƙunshin sai ta tarar da ledar fes, ko ƙasa bata taɓa ba, lallen yana nan daram yadda mai ƙunshi ta shafa. Wanda ya ɗauko ta daga gado bai yi tunanin wannan ba, watakila don namiji ne, ko kuma mace ce da ta ruɗe, wannan ke zaki zaɓa. Ba likita ba na'ura, ido ne kawai da sanin gida.

Ga kuma gaggawa ta zo miki a ɓagas, safiyar sallah ce, maza na son su tafi idi su dawo ayi jana'iza a samu a yi yanka, mahauta na jira a ƙofar gida, kowa na cewa Iya a hanzarta.

Sadauki_001:

Ni dai a ganina kishiyar ce kawai ta kashe ta, ki sa tsohuwar taje wajen wani malami ya buga ƙasa ko aljanin wata yarinya ya tashi ya faɗi sunan, mutane na son irin wannan ai. Kuma ki sa budurwa da saurayi a ciki in ba haka ba wlh ba mai karantawa.

Malam_Bala_Rijistara:

Sadauki kayi haƙuri, in aljani ya faɗi suna to wa zai tsaya a gaban alƙali ya rantse? Hajiya marubuciya, ni aikin kotu nayi har na ajiye, bari in baki abin da na sani ta ɓangarenmu don kar masu karatu irina su kama ki.

Kada ki cire 'yan sanda, ki jinkirta su. A zahiri in ba wanda ya kai rahoto ba abin da zai kawo su, mace mai hawan jini ta mutu a gida dangi sun ce rashin lafiya ne, an gama. Ranar da aka kai maganar caji ofis, DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ba zai riƙe shari'ar kisa a hannunsa ba, zai tura ta sashen binciken manyan laifuka na jiha, in a Kano ne hedikwata tana Bompai. Tsarin mulki sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu, to amma ke kin sa labarinki cikin hutun sallah, kotuna a rufe, kinga kin samu ƙarin kwanaki da za'a tsare wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, misali almajirin gidan ko direba, tsohuwar kuma ta san ba shi bane. Wannan zai tilasta mata buɗe baki fiye da komai. A yawancin jihohin Arewa laifin yana ƙarƙashin Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka, sashe na 221, kisan kai mai hukuncin kisa, kuma majistare bashi da hurumin yanke shi, sai dai ya aike da mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, daga nan babbar kotu. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 2000 akwai kuma maganar ƙisasi da diyya da yafiyar magada, in kina so ki bi ta nan labarin zai ƙara zafi don magadan da zasu yafe ɗin a cikinsu mai laifin yake.

Tono gawa sai da umarnin kotu, kuma kin san mutanenmu, a ce za'a tono uwarsu a yanka ta, gara su bar wa Allah. Ki yi amfani da wannan, wanda yafi kowa ɗaga murya yana cewa haramun ne a tono ba lallai shi ne mai laifi ba, watakila ɗanta ne mai sonta tsakani da Allah.

Yanzu abin da tsohuwa zata iya gani da idonta bayan na ƙunshi da Hajiya Rabi ta kawo, wanda ni ma ya burge ni. Gawa tana fara sandarewa bayan awa biyu zuwa shida, daga muƙamuƙi da wuya take farawa ta sauka, wajen awa goma sha biyu ta sandare gaba ɗaya, kuma zafi na sa ta yi sauri. Mai wanka ta san wannan da hannunta ko bata san lissafin awa ba. To idan wata a gidan ta rantse ta ji muryar Hajiya da kiran assalatu, amma da hantsi Iya ta tarar har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, wani na ƙarya. Haka jini, in zuciya ta tsaya yana gangarawa ya taru a ɓangaren da ke ƙasa fatar wurin ta yi duhu, in an daɗe baya komawa, a baƙar fata da wuyar gani amma a mace fara ko a tafin hannu ana lura. An same ta rub da ciki a banɗaki, duhun kuma a gadon baya yake. Wanda aka shaƙe kuma akan ga jan ɗige-ɗige a farin idonsa, ita kuma Iya ita ke shafa idon ta rufe.

Amma fa ki sani duk wannan zargi ne, a kotu wance ta ce min wance ta ce ba hujja bace a dokar shaida ta 2011. Dole ƙarshen littafin a samu abu a hannu, ko gwal ɗin da ya ɓata, ko wanda ya gani da idonsa, ko mai laifi ya amsa da bakinsa ba tare da duka ba.

Batun kishiya kuma Sadauki, zauna kayi lissafin gado. Kishiya bata gadon kishiya, 'ya'yan miji ma basa gadon matar uba. Miji ne ke cin rabi in bata da ɗa, rubu'i in tana da shi. Ɗan riƙo bashi da gado sai wasiyya, ita ma bata wuce sulusi. Wanda ya kashe kuma da gangan baya gadon wanda ya kashe. Marubuciya ki zana gidan a takarda ki raba dukiyar Hajiya Babba kamar yadda alƙali zai raba, zaki ga da kanki wa mutuwar ta amfana, wa kuma ta tsiyata.

Zee_Littattafai:

Maman Haidar ni irin littattafan nan na Turawa na ƙare ƙuruciyata a kansu, kuma abin da kike son yi tsohon salo ne a Ingila. Agatha Christie ta fito da tata tsohuwar, Miss Marple, tun 1927, 'yar ƙauye mai saƙa wadda duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu. Kar ki kwafo ta, ki gane dalilin da yasa abun yake aiki ne kawai, raini. An raina tsohuwa shi yasa ake sakin baki a gabanta. Su kuma suna son ɗora kisan a lokacin Kirsimeti saboda dangi da basa shiri an tilasta musu zama gida ɗaya, ga ƙanƙara ta toshe hanya ba shiga ba fita, kenan mai kisan yana cikin masu cin abinci a teburi ɗaya. Ke baki da ƙanƙara amma kina da damina. Babbar Sallar 2019 ranar 11 ga Agusta ta faɗo, tsakiyar marka, ki kai gidan wani ƙauye da in rafi ya kawo mota bata wucewa, ruwa ya cinye hanya daren jajibere, ba wanda ya shigo ba wanda ya fita sai bayan kwana uku. Kuma tsakar gida ta zama caɓi, ledar ƙunshin Anti Rabi ta ƙara ƙarfi kenan, ta ya mutum zai taka taɓo leda ta fito fes.

In kuma cikin birnin Kano kike so, to hawa ne makaminki. Washegarin sallah Hawan Daushe da yamma, kashegari Hawan Nasarawa, sai na Fanisau daga baya, yara da 'yan mata da samari duk sun tafi kallo gida ya zama wayam sai tsofaffi da masu suyar nama, lokacin ne Iya zata samu shiga ɗakin mamaciya ta duba ƙarƙashin gado da cikin kwalla. Ki tabbatar dai shekarar da kika zaɓa an yi hawan, don akwai shekarun da aka soke kamar lokacin korona.

Maganar aljani da buga ƙasa, akwai wani limamin coci a Ingila Ronald Knox da ya jera dokoki goma na labarin bincike a 1929, a ciki ya hana a warware da abin gaibu, ya kuma ce dole mai laifin ya zama wanda aka nuna tun farkon labari. Wasu dokokin nasa shirme ne yanzu amma waɗannan biyun gaskiya ne, ni in na kai babin ƙarshe aka ce min wai wani baƙo ne daga Legas da ba'a taɓa ambata ba, ko mafarki ne ya nuna, wurgi nake da littafin. Ki iya sa mutanen gidan suje wajen mai duba, ai haka muke yi, ya ma nuna musu wanda ba shi ba rigima ta ƙaru, amma Iya da hankalinta zata gano. Kuma duk abin da ta gani ki nuna mana muma a lokacin, ki binne shi cikin hayaniya kawai, ledar ƙunshi ta wuce a jimla ɗaya tsakanin kukan 'ya'ya da mai neman allurar ɗinkin likkafani.

Sai ki wahalar damu da jini. Ranar layya ce fa, kowane namiji a gidan akwai wuƙa a hannunsa da jini a riga, a tsinci riga mai jini a cusa bayan randa kowa ya tayar da hankali babi biyu, ashe yaro ne ya ɓata kayan sallarsa wajen fiɗa yana tsoron duka.

Ɗan_Damagaram:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Zinder. Ni ban iya rubutu ba amma ina karatu. Abu guda zan ƙara, ku kula da yara masu kai nama. Mu nan Nijar ranar sallah ana gicciye raguna a itace a jera su kewaye da babbar wuta su yini suna gasuwa, rabo sai washegari, to ranar nan yara ke yawo da kwanoni gida gida kuma babu abin da ke wuce idonsu, sun san wa ya fita da dare wa ya dawo da jiƙaƙƙen takalmi, sai dai ba mai tambayarsu. Tsohuwa mai alawa da ƙuli-ƙuli a ɗaki ta fi jandarma samun labari wajen yara. Kuma masu gadin wuta da nama basa barci sosai, in kin kawo labarin wajenmu kin samu shaidu a ƙofar gida. Don Allah kuma kar ki sa ta zama waliyyiya, tsofaffin da na sani akwai mita da son goro da riƙo, wata gabar tun ta shekara arba'in bata manta ba. Ki sa ta fara zargin wadda ta tsana, ta yi kuskure ta ji kunya.

Maman_Haidar:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh jiya ban yi barci ba sai wajen ƙarfe biyu, na yage babi uku na sake. Anti Rabi na ɗauki mai wankan gawa da ƙunshin duka, sunanta ya koma Iya Tabawa, hedimistires kuma na mayar da ita ƙanwar miji mai iyayi wadda ke ta kawo bayanin da ba shi ba. Baba Malam Bala na zauna nayi rabon gadon kamar yadda kace sai ga wani abu ya fito da ban taɓa tunani ba, Hajiya Babba bata haihu ba, kenan rabi na Alhaji ne, sauran ya tafi wajen 'yan uwanta, yarinyar da ta riƙa tun tana jaririya kuma ta tashi a tutar babu sai in akwai wasiyya, kuma na riga na rubuta tun babi na ɗaya cewa Hajiya ita ce uwar adashin matan layin, kuɗin mutum ashirin na hannunta za'a kwasa bayan sallah. Yanzu masu dalili sun zama huɗu ba kishiya a ciki, ita kishiyar ma ita zata fi kowa kuka don Hajiya ke rufa mata asiri. Sadauki kayi haƙuri amma na saka maka saurayin 'yar riƙon, shi za'a fara kamawa.

Saura abu ɗaya Baba Malam. So nake Iya ta tara su ranar sadakar uku ta faɗi abin da ta gani, amma zaman makoki maza na waje mata na ciki, kuma tsohuwa bazata fita zaure ta tsaya gaban liman da mai unguwa tana nuna mutum da yatsa ba. Shin ta aika a kira mata mai unguwa shi kaɗai ta soron ciki, ko ta bi ta wajen matar liman? Kuma in mai laifin ya amsa a gabansu kafin 'yan sanda su zo, wannan amsawar kotu zata karɓa ko sai ya maimaita?